Bahon da na saya don wankan jego

Ni dai ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu a Kano: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a jan sa a jiki a gaban mutane, ba a zama hira da shi kamar ƙawa. Kunya ce, ba ƙi ba. "Ke" nake ce mata, in kuwa labarinta nake bayarwa sai in ce "yarinyar nan". A Manchester aka haife ta, a nan ta girma, Turancinta ma irin na 'yan garin ne, amma ban ga dalilin da zai sa ƙasar wasu ta canza mini tarbiyya ba.

Da ta yi aure ta koma Birmingham, gidanmu na unguwar Withington a Manchester ya yi mini girma. Mahaifinta ya riga ya rasu, ƙaninta kuma aiki ya kai shi Kanada. Sai ni kaɗai, in dafa shinkafa gwangwani ɗaya in kwana biyu ina ɗumamawa. Akwai ranar da in ban je kasuwar Longsight ba, har rana ta faɗi ban ji muryata ba sai a cikin salla.

Ranar da ta zo gaya mini tana da ciki, a falo ta same ni, ta zauna kusa da ni tana murmushi. Ta ce, "Umma, ina da albishir." Tun shigowarta na gane, ai ni ba yarinya ba ce. Na kawar da kai na ce, "Allah ya raba lafiya," na tashi na shige kicin. A can na buɗe famfo don kada ta ji, na yi kukan murna har ɗankwalina ya zame. Ita kuwa ƙeyata kawai ta gani.

Tun daga ranar ba ni da wani tunani sai wankan jego. Haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata nama. Ni ban samu wannan gatan ba. A wani ɗaki guda a unguwar Fallowfield, nan Manchester, na yi jegonta, mahaifinta yana karatu, uwata tana Kano. Da butar lantarki nake tara ruwa a bokiti, kafin ta biyar ta tafasa ta farko ta huce. Ni ke zuba wa kaina, ni ke gasa bayana da tsumma iya inda hannuna ya kai, ina yi ina jin kukan jaririya ta bango. A banɗakin nan na rantse, in Allah ya nuna mini haihuwar yarinyar nan, da hannuna zan yi mata wanka.

Matsalar ita ce banɗakina. Lokacin jinyar mahaifinta muka cire bahon muka sa shawa, wurin kuma ko mutum biyu ba za su iya juyawa a ciki ba. Ina cikin wannan tunani wata safiya na hango maƙwabciyata Baturiya ta taga, tana zaune cikin wani ƙaton baho a bayan gida, tururi na tashi. Hot tub suke ce masa. Da ma na sha yi mata dariya a raina, in ce mutum da hankalinsa ya fito tsakar gida yana dahuwa kamar ƙafar saniya. Ranar kam ban yi dariya ba. Na ce kai, ga ruwa mai yawa, ga zafi ba hura wuta, me ya rage?

Shagon farko da na je a nan gefen Manchester yake. Mai sayarwar ya sha kwat, bakinsa kuwa ba birki. Ya nuna mini fitilu masu canza launi, ya nuna mini inda kiɗa ke fita, har da wurin ajiye kofi. Na tambaye shi zafin ruwan ya kai ina, ya sake kunna mini fitila, wannan karon shuɗiya. Ko sau ɗaya bai tambaye ni me zan yi da abin ba. Na ce a raina, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na ɗauki jakata na yi gaba.

Na biyun a bayan garin Birmingham yake. Na gaya wa kaina wai mutane sun yabe shi a waya ne ya sa zan je, amma gaskiyar magana, bai da nisa da gidan yarinyar nan. Na hau jirgin ƙasa da sassafe, da dambun naman da na yi mata a cikin jaka.

Mai shagon mace ce, sa'ata, tabarau rataye a wuya. Ta ba ni kujera, ta haɗa mini shayi, sannan ta ɗauki biro ta ce, "Mutum nawa za su riƙa shiga?"

Wallahi tambayar nan ta soke ni. Na kalli bahunan da ke jere, wani na mutum huɗu, wani na shida, kowanne da kujerunsa a ciki suna kallon juna. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ba ta labarin cikin, da arba'in, da ganyen darbejiya da ake tsomawa a ruwa a fyaɗa wa mai jego, har da ɗakin nan na Fallowfield. Abin da ban taɓa faɗa wa 'yar cikina ba, na zazzage wa Baturiyar da ban sani ba.

Ta ajiye biron. Ta ce zafin ruwan akwai iyakar da ba ya wucewa, ta sa na tsoma hannu a wanda ke kunne. Na ce, "Haba, wannan ai ruwan alwala ne!" Ta ce ganye kuma zai toshe matatar ruwan da ke cikin bahon. Da ta zo kan cewa ba a zubar da ruwan kullum, magani ake sa masa ya yi watanni, sai da na ce a'uzubillahi da ƙarfi. Ruwan da aka yi wanka da shi jiya a sake shiga yau? Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce macen da ta haihu ba ta zama a irin wannan ruwa sai ta warke, ungozoma ta ba ta izini, kuma ita dai da zan ji shawararta, da na haƙura.

Nan take na san a wurinta zan saya. Mai kayan da ke hana ka sayen kayansa, ai shi ne abin yarda. Sai dai ni mace ce mai taurin kai, mahaifin yaran nan ya sha faɗa. Na ce ba zaunar da ita zan yi a ciki ba. Kujera 'yar tsugunno zan ajiye a gefe, in riƙa ɗibar ruwan a bokiti, in ƙara da na buta ya yi zafi sosai, ganye kuma a bokitin zai tsaya. Magani ba zan sa ba, zubarwa zan riƙa yi. Na zaɓi ƙarami, na mutum biyu.

Tana rubutu ta ɗago ta ce, "'Yar taki ta san da wannan shirin?"

Na ce, "Mu ba a tambaya. Haihuwar fari gida ake zuwa, kowa ya sani."

Ta ce, "Ita ma ta sani?"

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ji mini mata da shisshigi, ita za ta koya mini al'adarmu? Na sa hannu a takarda na fito. Gidan yarinyar nan kuma ban je ba, don uwa ba ta faɗo wa gidan suruki haka kawai ba sanarwa. Na koma tasha, na dawo Manchester da dambun a jakata.

An zo an zuba siminti a bayan gida, mai lantarki ya ja waya, sai da aka cire wani ɓangare na shinge kafin bahon ya shiga. Na sa aka kafa rumfa aka kewaye ta saboda idon maƙwabta. Na sayo gero da kanwa da citta da kanumfari a Longsight, wata baiwar Allah da ta dawo daga Kano ta kawo mini busasshen ganyen darbejiya. Na gyara ɗakinta na da, na canza labule. Daga nan na zauna jiran ranar da mijinta zai kira ya ce zai kawo ta.

Duk Juma'a takan kira ni. In ce, "Ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, Umma." Daga nan sai ɗayarmu ta kawo zancen ruwan sama. A wata na tara mijin ya kira. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce albishir zai yi mini, mahaifiyarsa ta samu biza, za ta taso daga Kaduna ta kula da mai jego. Na ce, "Masha Allah, Allah ya kawo ta lafiya." Na ajiye wayar. Na ji haushi, na ji kishi, na ce wato yarinyar nan ta zaɓi uwar wani ta bar tata.

Namiji ta haifa. Ana gobe suna na tafi Birmingham. Uwar mijin mutuniyar kirki ce, ta tare ni da "Hajiya, sannu da hanya, barkanmu da arziki," ta rasa inda za ta sa ni. Da ta yi mini wani abu ma da na samu abin riƙewa. Da la'asar ta tashi ɗora ruwan wanka, aka bar ni da yarinyar nan mu biyu a ɗaki. Tana shayar da jaririn, ba ta kalle ni ba ta ce, "Umma, na yi ta jira ki ce in zo gida."

Na ce, "Ke, ai ba a cewa."

Ta ce, "Ni ban san ba a cewa ba. Ranar da na gaya miki tashi kika yi kika bar ni. Na ɗauka ba kya son wahalar ne, shi ya sa na ce ya kira Hajiyarsa."

Na ajiye kunyar shekara talatin a gefe. Na ce, "Baho na saya miki. Irin na maƙwabciyata. Yana can bayan gida da rumfarsa."

Ta ware ido ta ce, "Hot tub, Umma? Ke?" Ta fashe da dariya tana dafe ciki tana cewa wayyo ɗinkina, ni ma na soma dariyar. Ban ankara ba sai na ga ta rikiɗe ta koma kuka, ta kama gefen mayafina ta riƙe. Ba halin in ce ta taso mu tafi. Uwar mijin ta ƙetaro duniya saboda ita, ba za a yi mata wannan cin fuskar ba, mu duka mun sani.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Uwar mijin ta leƙo, ta ɗaura zani a ƙirji, ta ce, "Taso 'yata, kada ruwan ya huce. Hajiya, riƙe mana angon naki."

Yarinyar nan ta saki mayafina, ta miƙo mini jaririn, ta bi ta a hankali tana dafa bango. Na zauna a bakin gado da jikana a cinya, ina jin ƙarar ruwa ta bango, wata tana yi wa 'yata wanka tana ce mata sannu.