Ranar da Na Karɓi Shebur ɗin Surukina

A ƙauyenmu kusa da Sandamu, in sanyi ya shigo, ana gama cin tuwo muke zagaye murhun kakata, Iya Tabawa. Tana tura kara a wuta, tana binne mana gyaɗa a toka, tana yi mini tsiya: "Kai dai mijin banza ne, ba cefane sai ci." Daga nan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai karɓe ta?" Mu haɗa baki mu ce mun karɓa.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta zabin daji. Wai in sun sauka kiwo a gonar da aka girbe, ɗaya kan hau suri tana duba gabas da yamma. Ran nan 'yan'uwanta suka sa ta gaba da gori: ga raguwa, kowa na tono ita sai miƙa wuya. Gorin ya ci ta, ta sauko ta sa baki a ƙasa. Dila kuwa dama yana kwance cikin kara.

"Wadda ya cafke ba mai gadin ba ce," in ji Iya. "Ita ta rayu, har ta tsufa." Da yake mu yara ne, sai muka ɗauka ta yi sa'a.

Na girma, na yi aure, Iya ta rasu. Da aikin shimfiɗa layin dogo ya iso ƙasar Daura, aka ɗebi leburori daga ƙauyukanmu, ni aka ba ni jar tuta da usur, in riƙa gargaɗin mutane in tarago na tafe. Taragon tsakuwa da baya ake turo shi, direba na can ƙarshe ba ya ganin gaba, ga ƙarar injuna ta cika kunne. Ogan aiki ya ce, "Aikinka ido ne kawai. Ko mahaifiyarka ce ta kira ka, kar ka juya."

Cikin leburorin har da Malam Hassan, mahaifin matata Binta, don gero bai yi ba a shekarar. Ku duba fa: dattijo a sunkuye da shebur, riga sharkaf da gumi, mijin 'yarsa a tsaye ƙiƙam yana kallon hanya. Babu wanda ya yi mini gori. Amma ita Iyar da ta ba ni labarin zabi, ita ce ta sha zane ni in na tsaya babba na ɗauke da kaya.

Kwana huɗu na daure. A na biyar, wajen azahar, na ga ƙafafun surukina na rawa.

"Baba, kawo in karɓe ka."

"A'a, ɗana, koma inda aka ajiye ka."

Na nace har ya sakar mini. Ya tsuguna tsakanin ƙarafan layin yana fitar da tsakuwa daga takalminsa. Ban yi shebur goma ba na ji ihu, tarago ya bi ta kansa. Usur ɗin yana rataye a wuyana.

A zaman makoki babu wanda ya zarge ni. Kowa sai ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ya yi mini albarka da na ji ƙan tsoho har ƙarshe. Binta ma haka take gaya wa 'ya'yanmu, tana hawaye, tana alfahari da ni. Wannan yabon ya fi zagi ciwo, kuma har yau ban samu bakin gyara mata ba.

Ban koma aikin ba, ko da yake ba korata aka yi ba. Na san kaina. In aka sake tsayar da ni gobe, na hangi wani dattijo yana tangaɗi da shebur, ƙafafuna za su sake tafiya wurinsa.