Kujeru Bakwai a Shagon Mai Ɗinki

Duk layin nan babu wanda ya kai Kafinta sanin yadda ake neman aure, kuma ba a wurin mutane ya koya ba, a wurin tattabaru ya koya. Yana ɗan shekara tara ya fara da guda biyu a cikin kwali, ubansa na kora suna dawowa, har tsohon ya gaji ya zuba musu ido. Yanzu Kafinta ya ba sittin baya, gemu ya yi fari fat, rufin benen da ke saman shagonsa kuwa cike yake da akurkin da ya ƙera da hannunsa, kowanne da 'yar ƙofarsa da sakatarsa.

In tsautsayi ya kai ka can sama da hantsi, to ka nemi wurin zama, don ba yanzu za ka sauko ba. Zai nuna maka namiji yana kumbura wuya, yana jan jela a ƙasa, yana zagaya mace kamar ƙasar ta ubansa ce. Sai ya taɓe baki ya ce duk wannan cika baki ne, zaɓi yana hannun macen. Wanda zai ci nasara, a faɗarsa, shi ne mai haƙurin kawo tsinke, ɗaya bayan ɗaya, ita tana karɓa tana gyara sheƙa. In ta amince, za ta matso ta riƙa sosa masa wuya da baki. Daga nan an gama magana. In an yi ƙwai ma, shi ne zai kwanta a kai da rana, ita ta fita ta sha iska.

Samarin layin kan zo shawara a ɓoye, su fake da tambayar farashin benci. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: a rage surutu, a kai tsinke, a jira alama. Kuma abin haushi, shawarar tana ci. Aure huɗu aka yi a layin ta sanadinsa, shi ya sa kansa ya ɗan yi girma.

To, ga inda abin ya zo kansa. Matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce, ya zauna daga shi sai tattabaru sai 'yarsa, ma'aikaciyar asibiti, wadda ke leƙo shi duk yamma in ta taso aiki. Ana nan wata bazawara mai ɗinki ta kama shagon da ke kallon nasa. Mace ce mai dariya da ƙarfi, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya. Ranar da Kafinta ya fara jin dariyarta, guduma ta sauka a kan babban yatsansa. Son ta yake yi, so na gaske, irin wanda ke sa dattijo ya riƙa taje gemu kafin ya buɗe shago.

Sai ya bi karatunsa. Ya ga kujerarta tana rawa, ya ƙera mata sabuwa. Ya kafa mata kanta ta jera yadi. Ya yi mata durowa ta zare da maɓalli. Da dabara ta ƙare masa sai ya koma kan kujera, har suka kai bakwai a shagon da bai fi taku biyar ba, masu kawo ɗinki suna shiga a karkace. Zai ajiye, ta yi godiya, ya ce ba komai, ya tsallaka titi da sauri kamar ana binsa. Shekara uku cur ana haka. Bai taɓa furta mata kalmar so ko ɗaya ba, wai shi yana jiran alama.

Wata Talata 'yarsa ta shigo shago ta ce Mai Ɗinki za ta tashi. Ɗanta na can wani gari ya gyara mata ɗaki, ranar Asabar motar kaya za ta zo. Kafinta ya ce Allah ya sa alheri, sannan ya yanka katakon ƙofar mutane gajere da kusan taƙi guda. Washegari bai ci abin kirki ba. Ranar Alhamis, a karo na farko tun yana yaro, ya manta bai zuba wa tattabaru ruwa ba sai da rana ta take.

'Yar ta same shi a sama ya yi tagumi. Ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce shi ba yaro ba ne da zai je ya kunyata kansa, ya kai tsinke iya ƙarfinsa, alama ce ba ta zo ba.

"Baba, wace alama kake cewa macen tana yi?"

Ya ce ai ta sani, sosa wuya.

Ta sa hannu ta kama wuyan rigar da ke jikinsa. "Wa ya juya maka wannan? Shuɗiyar fa? Ta zuwa unguwa fa? Duk rigar da kake da ita sai da matar nan ta aiko aka karɓa, wai wuyanta ya cinye. Har wadda bai cinye ba."

Kafinta ya shafa ɗinkin, ƙanana ne a jere, irin na hannu ba na keke ba. Kunya ta rufe shi, daɗi kuma ya biyo bayanta. Mutumin da ke gane nufin tsuntsuwa daga nesa, ashe abin yana wuyansa shekara uku bai gani ba. Duk da haka Juma'a ta zo ta wuce bai tsallaka ba. Sau biyu yana kaiwa tsakiyar titi ya juyo, wai ya manta wani abu.

Asabar da safe mota ta tsaya. Ɗan Mai Ɗinki, wani dogo mai saurin magana, ya hau loda kaya shi da direba. Kafinta yana kallo ta tagar shago har aka ɗaga keken ɗinkin aka ɗaure shi da igiya. A nan ne ƙafafunsa suka daina neman shawararsa. Ya isa gabanta da garin katako a gira, zarto a hannu, ya manta bai ajiye ba.

"Maƙwabciya," in ji shi, "ni dai ba na so ki tafi. Aurenki nake so. Na daɗe ina so."

Ta sauke tabarau ta dube shi tsaf. "Kujera bakwai ka kawo mini, Maƙwabci. Kullum ina cewa yau zai zauna a kan ɗaya mu yi hira, sai in ga ƙeyarka."

Ya ce yana jiran alama ne. Ta yi dariyar nan tata har direba ya waiwayo, amma idanunta sun ciko. Ta ce ita ba ta da fuka-fuki, kunne gare ta, kuma yau kunnen ya ji.

Ɗan ya tsaya a kan mota da igiya a hannu, ya dubi uwarsa, ya dubi dattijon. Ya ce ɗakin fa, har fenti ya yi masa.

"Ka ba yaranka, sun fi ni buƙata," in ji ta. "Sauko mini da kekena a hankali, akwai ɗinkin mutane da ban gama ba."

Kafinta ya jefar da zarto ya miƙa hannu biyu ya tari keken. Nauyi gare shi ba kaɗan ba, bayansa ma ya amsa, amma direba na cewa ya kawo a taya shi, Kafinta ya ce kowa ya matsa, shi zai kai.