Sunan da Ba a Kira a Bakin Kogi

Shekaranjiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi a Lafiya. Da gari ya waye na fito zan yi alwala, sai na tarar da fukafukan shinge sun rufe bakin ƙofata a nan Azuba, sirara, farare, wasu sun manne a jikin buta. Yaran maƙwabta na ta tsince-tsince da kwanoni, wata mata kuma har ta ɗora kasko, ƙamshin suya ya cika layin. Na tsaya da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye ban sani ba. Kowace shekara haka nake yi. Wasu in sun ga shinge suya suke tunawa. Ni kogi nake tunawa.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Agyaragu. In ka sauka daga titi, sai ka bi ta cikin gonakin doya har ka fara jin sanyin ruwa a fuskarka. Kogin ba babba ba ne. Da rani akuya ma tana ƙetare shi. Daga duwatsun arewa yake gangarowa, yana da wani lafiyayyen dutse a tsakiyarsa, a nan Baba yake tsayawa in zai yi fatsa.

Fatsar Baba daban take da ta kowa. Mutane tana suke tonowa su soka a ƙugiya, su jefa, su zauna jira. Shi kuwa ya lura cewa duk safiyar da shinge ya fito, yana faɗawa kan ruwa, kawara na tasowa tana cafkewa. Sai ya samo gashin zabo, ya ɗaure a ƙaramar ƙugiya da zaren ɗinkin Inna, ya buɗe shi kamar fukafukai biyu, ya shafa masa ɗan man kaɗanya don kada ya nutse. Yakan tsaya a kan dutsen nan, ruwa iya ƙwaurinsa, ya kaɗa doguwar gorarsa baya, ya dawo da ita gaba, gashin ya sauka a kan ruwa a hankali kamar ba a jefo shi ba. Har yanzu ina jin ƙarar zaren in ya ratsa iska.

Akwai wani maƙwabcinmu, ɗan ƙabilar Tibi ne, abokin wasan Baba. Duk sanda ya gan shi yana ɗaurin gashi sai ya ce, "Kai, mai gida, kifi ba ya cin gashi fa! Ko kifinka mahaukaci ne?" Baba ya ce, "In na kamo kada in ga matarka da kwano." Da yamma kuwa matar za ta zo da kwano, Kaka ta zuba mata, har ta ƙara mata ɗan gishirin Keana, wanda ba kowa take ba wa ba.

Sai na faɗa maka abu biyu, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya faru ba.

Na farko, a wajenmu ba a kiran sunan mutum a bakin kogi. Manya sun ce na cikin ruwa suna saurare, in suka ji sunanka sun riƙe shi, wata rana da shi za su kira ka. Don haka fito ake yi da baki. Kowane gida da irin nasa fiton. Namu dogo ne, sai gajere a ƙarshe. Mata kuwa ba sa fito, tafi suke yi.

Na biyu, Baba ɗan fari ne a wurin Kaka, kuma ka san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Babanku" take cewa, ko "mai fatsar nan". In yana zaune a gabanta ma, sai ta dube ni ta ce, "Tambayi wancan ko ya ƙoshi." Shi kuma ya ce da ni, "Ce mata na ƙoshi." Su yi ta yi, ni a tsakiya, kowa na danne dariya. Amma ita ce ke tsince masa gashin zabo mafi kyau, ta ajiye a cikin tasarta, ba ta taɓa cewa nasa ne ba.

Shekarar da zan ba ka labari, haƙorana na gaba sun zube. Baba ya yi ta koya mini fiton gidanmu, iska kawai ke fita. Yakan yi dariya ya ce, "Mai wawulo, bari su tsiro tukuna. Kafin nan ka riƙa yin tafi kamar kakarka."

Ranar, shinge ya fito da yawa. Gari garau, rana ta fito, babu ko ɗigon hadari a kanmu, sai dai can arewa sama ta yi baƙi tun asuba. Baba ya ɗauki gorarsa. Ni na bi Kaka, za ta wanke kayan daddawarta. Muna kan tudun gaɓa, shi yana ƙasa a kan dutsensa, ya ba mu baya, ya ba arewa gefe. Kawara na ta tsalle. Ya riga ya cika rabin jakarsa.

Kaka ce ta fara ji. Ta ɗaga kai, hannunta a cikin ƙwarya. Sai ni ma na ji, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa, alhali babu titi ta wajen. Daga kan tudu muka hango ruwa ya karyo kwana, ja kamar kunun kanwa, ya ɗauko rassa da karan gona. Ruwan da aka yi a kan duwatsu ne ya iso. Baba ba zai iya ganinsa daga ƙasa ba, ga ƙarar ruwan da ke bugun dutsen ta cika masa kunne. Tsakaninsa da gaɓa ba nisa, in ya zabura zai kai.

Kaka ta yi tafi. Bai ji ba. Ta ƙara, har ƙwaryar ta kife. Ta damƙe kafaɗata ta ce, "Yi masa fito! Yi masa!" Na haɗa leɓe na hura. Iska. Na sake hurawa. Iska.

Sai Kaka ta buɗe baki ta kira sunansa.

Da dukan ƙarfinta ta kira, muryar ta fita wata iri, kamar ba tata ba. Ya ji. Ya juyo, amma ba wajen ruwan ba, wajenmu. Gorar ta sauka a hannunsa. Ya tsaya yana kallon uwarsa, bakinsa a ɗan buɗe, sai kuma na ga fuskarsa ta saki, kamar ƙaramin yaro da aka miƙa wa abin da ya daɗe yana so. Murmushi yake yi. Kaka na nuna masa arewa da hannu biyu, tana ihu, shi kuwa ita yake kallo. Bai daɗe ba. Amma ɗan lokacin da yake da shi ke nan, ruwan ya iso ya tafi da shi.

Washegari aka same shi can ƙasa, a cikin saiwoyin wata ɗorawa da ruwa ya tone. Maƙwabcinmu Tibi ne ya ɗauko shi a kafaɗa, yana kuka kamar mace, bai bari kowa ya taya shi ba.

Mutane sun yi magana, a hankali dai, amma sun yi. Suka ce an kira suna a bakin kogi, kogi ya ji. Kaka ba ta ƙara zuwa kogin ba, ba ta ƙara cin kifi ba. Sai wata rana, bayan damina ta wuce, ina zaune kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba kogi ne ya ji ba. Shi ne ya ji." Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu. Da aka buɗe tasarta, gashin zabon yana nan.

Yanzu kogin ya canza. Tifa-tifa na shiga har cikinsa suna kwasar yashi, dutsen Baba ya koma gefe, ruwa ba ya kai masa sai tsakiyar damina. Samari na tsaye a gaɓa da waya a kunne suna ƙwala wa juna suna, babu abin da ke samunsu. Ban ce manya sun yi ƙarya ba, ban kuma ce sun yi gaskiya ba. Na dai san abin da idona ya gani.

Da aka haifa mini ɗan fari, sunan Baba na sa masa. Ka ga ta ko'ina ba ni da bakin kiransa, ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan ubana. Abba muke ce masa. Bana ya girma, ya matsa sai na koya masa ɗaurin gashin zabo. Jiya muka je ƙauye, na nuna masa yadda ake kaɗa gora, na koya masa fiton gidanmu, ya iya nan take.

Kafin ya sa ƙafa a ruwa na riƙe hannunsa. Na ce, "Abba, ka taɓa jin sunanka na yanka a bakina?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a, Baba."

Na ce, "To, duk ranar da ka ji shi, kada ka juyo ka dube ni. Ka yar da gorar, ka gudu gaɓa."