Aksan uku a kan Geceme

Shekarar da aka ɗauke ni daga aji aka kai ni biro a Dogondutsi, an ce mini ƙarin girma ne. Girman dai shi ne kujera mai gurguwar ƙafa, da ordinatar, wato kwamfuta, da aikin tura sunayen ɗaliban da za su zauna jarrabawa zuwa wata babbar na'ura a Yamai da ake kira sarbar. Har yau ban taɓa ganinta ba, halinta kawai na sani.

Ba da hannu ake turawa ba. Wata injiniya a Yamai ta rubuta ɗan furogiram: in tara fishiyen kowane gari, wato fayil ɗin sunayen ɗalibansa, wuri guda in danna, shi kuma ya buɗe rufaffiyar hanya da wani makulli da ke ɓoye cikin ordinatar, ya miƙa sunaye, ya ɗauko lambobin zama. Ta ce ko ɓarawo ya tare hanya ba abin da zai iya karantawa. Na yi murna, ko da yake ban san ɓarawon da ke kwaɗayin sunayen ƴan lakwal ba.

Lambobin Dutsi suka dawo, na Tibiri suka dawo. Na Geceme da Kiyeshe da Dumega shiru. Furogiram kuwa duk lokacin da ya gama sai ya rubuta mini OK, kamar ɗalibin da ke cewa ya gane don a ƙyale shi. Yaron da ba shi da lamba ba ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma ranar Juma'a ake rufe sarbar.

Na zargi rezo, layin sadarwar da eriyar bayan biro ke kamo mana. Na ɗauki ordinatar na fita tsakar gida, na ɗaga ta sama kamar mai shiƙar hatsi. Na zargi makulli, injiniya ta aiko sabo. Na kashe na kunna har madannin ya fara santsi. OK.

Ranar Litinin diraktan wata lakwal ta Geceme ya zo kan moto. Tare muka yi karatu, don haka bai ɓata lokaci wajen gaisuwa ba, sai dai ya kira ni mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a nan.

"Mushe, ina lambobin yarana?"

"Na tura sunayen."

"Ka tura ma wa? Iskoki?"

"Dubi nan da idonka. OK."

"Uwaye sun hana ni sakat. Wani makiyayi ya bar shanu hannun ƙanenshi, sau biyu yana tahowa don ɗiyarshi. Mi zan ce mishi? OK?"

Ya ja benci ya zauna, ya ce ba ya komawa Geceme hannu wofi. Ya cika alkawari: a gidan surukinsa ya sauka, kowace safiya ina iske shi bakin biro kafin mai shara.

Ranar Alhamis da yamma injiniya ta gaji da ni a waya, ta ce in karanto mata sunan fishiyen baƙi bayan baƙi. Na karanta yadda nake yi wa ƴan aji dikte, wato shifta: G, U, E mai aksan...

Ta katse ni.

"Baba, wa ya sa aksan ɗin nan?"

Ni na sa. Diraktoci sun aiko fishiyensu da suna tsirara, Guecheme, Kieche, Doumega, ni kuwa na bi ɗaya bayan ɗaya na ɗora wa kowane E ƴar sandarsa: Guéchémé, Kiéché, Douméga. Rabin rayuwata ina rage wa yara maki a kan wannan sanda.

"Madam, haka ake rubuta su."

"Baba, sarbar nan ba ta yi ajinka ba. In ta ga aksan sai ta ƙi fishiyen gaba ɗaya."

"To me ya sa abinki yake cewa OK?"

"Yana nufin ya gama."

Gamawa da isarwa ashe ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya ga ya dace a gaya mini. Abin da ya fi ci mini rai, sunayen nan namu ne. Tsohuwar da ke daka a Geceme ba ta san akwai sanda uku a kan garinta ba. Baƙon da ya mulke mu ya ɗora su don bakinsa, ni na gaje su ina gadi, har suka kusa hana ƴaƴan garin zama jarrabawa.

Na goge su duka, hannuna na ƙi. Sai wuta ta ɗauke. Safiyar Juma'a ta dawo, na danna, lambobin garuruwan uku suka sauko a jere kamar ba su taɓa gardama ba.

Dirakta ya bi sunayen yaransa da yatsa har ƙasa, ya sake bi, ya naɗe takardar ya cusa cikin riga. Ya hau moto, sannan ya waiwayo.

"To, malamin malamai, mi ya riƙe su?"

Na ce, "Rezo."

Ya ɗaga kai ya harari eriya, ya yi mata Allah ya isa, ya ja moto.