Dona Jucélia da Mintin Nivaldo

Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma mafi muninsa na wanda zai sayar da mutanensa yana yi musu murmushi. Ni Adalberto, mai matse rake a bakin tashar bas ta Ibura, ban yi boko mai nisa ba, amma na ga wannan da idona.

Shagon Dona Jucélia yana jikin rumfata. Da safe ta ɗaga ƙofa, ta ɗora kofi, ta duƙufa kan wayoyin da suka fashe. Da yamma samari su cika dakalinta, kowa ya ƙura wa waya ido, suna wasan harbe-harben nan da ake yi ƙungiya-ƙungiya da 'yan wasu garuruwa. Ita ce alƙaliyar gasarsu, ita ke tsaron zauren hirarsu na intanet. Suna ce mata Tia, wato gwaggo, ko da yake ba ta haɗa jini da kowa ba.

Gasar tana da al'ada. A wasan ƙarshe ba a harbi a minti na farko, saboda Nivaldo, wanda ya kafa ta, ƙasa ta rufta masa a wata damina. Ba a rubuta dokar ko'ina ba. Ɗan gida ya san ta.

Bana Cleiton, gwanin unguwa mai dubban mabiya, ya zo da albishir. Wani kamfanin lemon gwangwani zai ba da riguna da sababbin wayoyi, a liƙa sunansa a gasar. Abin da bai faɗa ba: ya yi wa kamfanin alkawarin ƙungiyarsa ce za ta ɗauki kofin gasar, shi kuma ya zama fuskar tallansu.

Da Jucélia ta fara yi masa tambayoyi, sai ya ce, "Tia, arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa, kina tambayarsa katin shaida?"

"Ruwa ba ya tsami banza, ɗana. Su wane ne ukun nan da ka sa a ƙungiyarka?"

"Su Edivaldo ne, tsofaffin 'yan gida. Sun dawo wasa, daga São Paulo za su buga."

"Edivaldon da ko bango ba ya iya samu? Yaushe hannunsa ya gyaru? A buɗe kyamara mu gaisa."

"Kyamararsa ta lalace."

"Duka ukun? To, ga mai gyara."

Samari suka ji haushinta. Suna son wayoyin. Aka fara ce mata tsohuwa mai baƙin ciki, har aka tsayar cewa bayan gasa za a kaɗa ƙuri'a a sauke ta. Ni kaina na ce mata ta bar yara su ci arziki. Ta ce, "Seu Adalberto, matsa rakenka."

Ba ta da hujja, don haka ba ta hana kowa wasa ba. Abu ɗaya ta yi: bana ba ta tuna wa kowa mintin Nivaldo ba. Cleiton kuwa, hankalinsa yana kan riga da hoto, ya manta bai gaya wa ukun nan ba.

Aka fara wasan ƙarshe, ana haska shi a bangon shago, unguwa tana kallo. A minti na farko, kowane ɗan wasa ya tsaya cik. Sai "Edivaldo" da abokansa suka buɗe wuta kan mutanen da ke tsaye. Edivaldo na gaske shi ya ɗauki gawar Nivaldo, ba zai taɓa harbi a wannan minti ba. Daga dakali wata yarinya ta ce, "Cleiton, 'yan haya ka kawo mana?"

Jucélia, ke ce kika haɗiye zagin yaran da kike gyara wa waya kyauta. Ke ce ƙofar da ba a shiga sai da sallama. Yanzu ido ya gaji, kin miƙa alƙalanci ga Rosimeire, yarinyar da ta yi waccan tambaya. Mun gode. Masu tsaron zaure, ku yi koyi: kyauta in ta zo, ku tambayi abin da take nema.

Shi kuwa Cleiton, kamfani ya janye kafin ya sa rigar sau biyu. An goge sunansa daga zaure. Mabiyansa sun watse. Edivaldo na gaske ya karɓe asusun wasansa da 'yan haya suka shiga da shi, ya daina ɗaga wayar Cleiton. Dakalin da ya girma a kai, yanzu ta tsallaken titi yake wuce shi.