Dish Ɗin Inna Ba Ya Kallon Alƙibla

Ƙanena ya tumɓuke min dish ina raye, ya ba 'yan gwangwan, sannan ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu a Gwandu ya ce shekara da shekaru na bar wa mahaifiyarmu abin kallon Ka'aba a karkace, ya kauce wa alƙibla, saboda na ɗauko wani ɗan kame-kame daga Kalgo ya kafa mata. Abin da aka yi min ke nan, ban ƙara gishiri ba. Ranar ina ƙauyen Malisa muna shuka, na dawo na tarar da rami a tsakar gida inda ƙarfen yake.

Zagin da ya yi min bai dame ni sosai ba, na saba. Mutumin Kalgo da ya haɗa da shi, wannan ne ya tsaya min a wuya.

Bari in faɗi yadda dish ɗin ya zo. Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta zama mai yawan shiru. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma ni ba mai halin kai ta ba ne, manomi ne ni mai ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida. Wata rana ta je barka wani gida ta ga tashar nan da ba ta nuna komai sai ɗawafi da karatun Alƙur'ani, ta dawo ta yi ta zancen har miya ta kusa ƙonewa. Ba ta ce in saya ba. Ni dai na ji. Na samu tsohon babban dish mai raga, irin na da, da risiba, akwatin nan mai kamo tashoshi, da wani ya gaji da ita, aka ce min in ina son aikin da ba zan sake ba in je Kalgo wajen wani mai kafa dish.

Gajere ne mutumin, mai furfura a gemu, ba ya da shago na a zo a gani, rumfar kwano ce kawai da benci. Ya zo a kan babur da jakar buhu, a ciki akwai sifana kala-kala da wani ɗan talabijin da aka ɗaure bayansa da roba. Da ya shigo bai taɓa komai ba. Ya gaida Inna, ya zagaya tsakar gida yana kallon sama, ya kalli dogonyaron da ke bayan ɗakinta, ya tambaye ni ta ina iskar hadari ke bugowa, ya tambayi inda muke ɗaure awaki. Sannan ya nuna wuri da ƙafa ya ce in haƙa nan. Ya kafa ƙarfe, ya zuba siminti, ya wanke hannu, ya ce sai siminti ya kama zai dawo. Na ce ashe ba yau za a gama ba, ya ce in dai yau nake so akwai masu yi a yau, kuma zan sake ganinsu gobe.

Da ya dawo na ga aiki. Ya zauna a kan turmi, ɗan talabijin a gabansa, ya ce kowa ya yi shiru. Yana tura dish ɗin kaɗan-kaɗan kamar mai juya majinyaci, kunnensa na kan wani ƙara da risibar ke yi. Ƙaran ya yi siriri ya miƙe, sai ya tsaya cak, ya ɗaure noti. Wayar da za ta shiga ɗaki ya ɗaga ta sama yadda akuya ba za ta kai ba, a bakin bango kuma ya lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shige, domin ruwan sama ya ɗiga waje kada ya bi ta cikin ɗaki. Ya yanka gorar roba ya kifa wa ɗan kan da ke tsakiyar dish ɗin. Daga ƙarshe ya ɗauko ƙusa ya ja zane ɗaya daga wuyan dish ɗin zuwa jikin ƙarfe. Ya ce duk ranar da iska ta juya shi kada in kira kowa, in sassauta noti in haɗa zanen sama da na ƙasa, shi ke nan.

Inna ce ta fara lura. Ta fito ta kalli dish ɗin, ta kalli inda take fuskanta in za ta yi salla, ta ce, "Malam, wanga abu Makka za shi nuna muna, amma na ga shina kallon wajen kudu. Ko kun ɓata alƙibla?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, hoton ba ta ƙasa shika zuwa ba. Daga Makka sama shika hawa tukuna, sannan shi sauko muna. Inda shika saukowa, nan mun ka tara."

Ta ce ashe kamar addu'a. Daga ranar ba ta sake tambaya ba. Ta sa wa talabijin ɗin suna tagar Makka. Sai ta yi alwala take zama gabansa, ba ta yarda kowa ya miƙe ƙafa wajensa, in an kashe ta lulluɓe shi da tsohon mayafinta. Tsofaffin unguwa suka mayar da ɗakinta wurin zama bayan la'asar.

Shekaru muka yi a haka. Damina ta zo iska ta juya dish, in haɗa zane, hoto ya dawo. In risiba ta sandare in kira shi a waya, tambayarsa ɗaya ce kullum: fitilar gaba ja ce ko kore? In ja ce ya ce in zare ta daga wuta, in je in sha ruwa in dawo in mayar. In kore ce ya ce in bi waya da hannu, zan samu inda ɓera ko rana ta ci. Ni ban yi boko mai nisa ba, rubutun Turancin da ke fitowa ba duka nake ganewa ba, amma bai taɓa sa na ji kunyar hakan ba. Sai ya ce in bar rubutun, in gaya masa launin da na gani.

Bana ne abin ya canza. Tashoshi suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, wasu a ji magana ba hoto. Tashar Inna tana nan, amma na tsorata. Na kira shi, ya gaya min gaskiya: dish ɗina lafiyarsa lau, zai iya kai ni tsufa, risibar ce zamaninta ya wuce, masu tashoshin sun koma wani sabon tsari da ba ta iya karantawa. Ya ce in samu dikoda irin ta yanzu a madadinta, zai zo ya haɗa, ba sai an taɓa ƙarfe ba. Na gaya wa Inna, Inna kuma ta faɗa wa ƙanena a waya, cikin hira.

Shi ƙanen nawa kayan babur yake sayarwa a Birnin Kebbi, kuma Allah ya buɗa masa. Yakan zo da leda biyu a hannu, ya sha albarka, ya koma kafin magariba. Ni da ke gyara rufin ɗaki in kai Inna asibiti, ni ne ba a gani, don kullum ina nan. Ya zo ranar da ba na gida, da sabuwar dikoda da wani farin dish matsakaici. Ya ce wannan tsohon kwandon abin kunya ne a gidanmu. Ya sa aka tone shi da ƙarfensa da zanensa. Ya buga sabon a bangon ɗakin Inna, ya fito da wayarsa mai nuna alƙibla, ya saita shi daidai inda kibiyar ta nuna, tunda dai Makka ake nema. Ya kunna, allon ya yi shuɗi. Ya danna rimot har ya gaji, ya ce wa Inna sabon abu sai a hankali yake kamawa. Ya je sallar la'asar, aka tambaye shi ina tsohon dish, ya faɗi abin da ya faɗa. Maƙwabcinmu ne ya kawo min maganar yadda take.

A lokacin maniyyata sun riga sun tashi. A cikinsu akwai aminiyar Inna ta tun yarinta, wadda ɗanta ya biya mata. Da ta zo sallama ta ce wa Inna ta zauna gaban tagarta ranar Arfa, za ta ɗaga mata hannu. Mu mun ɗauka wasa ne, Inna ba ta ɗauka wasa ba. Ba ta yi min ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma ba ta ce ƙanena ya yi laifi ba. Kawai dai in la'asar ta yi sai ta yi alwala, ta yaye mayafin, ta zauna gaban shuɗin allo da carbi. Tsofaffin suka daina zuwa.

Ban kira a waya ba, na hau mota na tafi Kalgo da kaina, don maganar da aka faɗa a kansa ba ta waya ba ce. Na same shi a rumfarsa yana hure ƙurar wata risiba. Na gaya masa komai, har da ɗan kame-kamen. Na zaci zai ɓata rai. Ya tambaye ni wace irin dikoda ce, sannan ya tambayi lafiyar Inna. Ya ɗaure jakarsa a babur.

Da ya duba dikodar ya ce mai kyau ce, ƙanena bai yi arha ba, ya zaɓo wadda ta dace. Wannan yabon ya ɗan sosa min rai. Ya kalli farin dish ɗin a bango, ya kalli inda ya fuskanta, ya shafa gemu. Abin da ya ce kawai shi ne niyyar mai kyau ce. Ya ce ko an juya shi a nan ba zai yi ba, dogonyaro ya tare hanya, kuma bangon ƙasa ba ya riƙe noti in damina ta yi nisa. Tsohon ramin nan dai, nan ne wurin. Muka samo bututun ƙarfe, ya kafa, ya zuba siminti, ya wanke hannu.

Na ce masa Arfa ta matso, ya taimaka ya ɗora dish ɗin yau. Ya ce a'a. Na ce hadari na iya hana shi dawowa, hanya na iya ɓaci. Ya ce in ya ɗora a kan ɗanyen siminti iskar farko za ta kwantar da shi, kuma ranar Arfa ba zan samu mai zuwa ba. Har na ɗan ɗaga murya, bai kula ni ba. Ya leƙa ɗaki ya ce wa Inna jajibirin Arfa zai zo, in Allah ya kai mu.

Jajibirin an tashi da ruwa. Na yi ta fita ƙofar gida ina dawowa. Wajen azahar ya iso, wandonsa duk laka har gwiwa, ɗan talabijin ɗinsa a cikin leda. Muka sauke farin dish daga bango muka ɗora a kan ƙarfen. Ya zauna a kan turmin nan, ya ce kowa ya yi shiru. Farin dish ya bar alƙiblar wayar ƙanena yana komawa kudu a hankali, a hankali, har ƙaran ya miƙe. Daga ɗaki muka ji Inna tana salati. Na leƙa, ga Ka'aba, har rubutun zinaren da ke jikin rigarta ana gani, abin da tsohuwar risibata ba ta taɓa nunawa ba.

Ya ɗaure noti, ya ɗauko ƙusa, sai ya miƙo min. Ya ce, "Kai ka kwana gidan ga. Kai za ka yi zanen."

Na ja zanen, bai miƙe kamar nasa ba, ya duba ya ce ya yi.

Ranar Arfa ɗakin ya cika da tsofaffi, kowa da azuminta. Can da rana Inna ta nuna wata mata ƙarƙashin lema a cikin taron da ba a ganin ƙarshensa, ta ce ga ta can, ta ɗaga hannu. Sauran suka ce lallai ita ce. Ni ban ga komai ba sai fararen kaya, amma ban musa ba.

Ranar salla ƙanena ya zo da shaddarsa tana ƙara. Ya shiga ya ga hoto tangaran, ya ce ai ya faɗa, sabon abu sai a hankali yake kamawa. Inna ta yi ta sa masa albarka. Na bari ta gama, don albarkar uwa ba a katse ta. Sannan na kama hannunsa na fito da shi tsakar gida, na tsayar da shi gaban ƙarfen.

Na ce, "Fito da wayar taka, duba alƙibla, sannan ka duba inda wanga abu ka kallo. Dikodarka ta fi tawa, mutumin Kalgo da kansa ya yabe ta, shi da kaz zaga. Cikin ruwa yaz zo don Inna ta ga Arfa, kai kana can. Ni ba ni son haƙurinka, riƙe abinka. Amma an jima in an sallame la'asar za ka tsaya ƙofar masallaci, daidai inda kat tsaya rannan, ka ce mutumin nan ba ɗan kame-kame ba ne, kai ne ba ka sani ba. Zanen ga kuma da kake gani, ni na yi shi da hannuna. Ka kawo ma Inna duk abin da kake so, amma kada ka sake taɓa ƙarfen ga sai ka tambaye ni."