Tozon da na hana Baba

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina koyarwa a wata firamare a Potiskum, gidanmu na unguwar Hausari. Mahaifina dillalin shanu ne. Duk Laraba in ya taso daga kara sai ya biya wurin mahauta a gasa masa tozo, ya shigo da shi ƙunshe a takarda, mai ya jiƙa ta sharkaf. Ya zauna kan buzunsa ya yanka wa kowa, amma yanki mafi kitse nasa ne, ba a musu.

Wata shekara ya je Kano, abokinsa ya ja shi asibiti aka auna jininsa. Likita ya ce kitse ya yi yawa a jinin, ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce ya rage maiƙo. Da ya dawo ni aka miƙa wa takardar, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Daga ranar na zama likita, ba wanda ya naɗa ni. Likitan Kano ya ce a rage, ni na ce a daina.

Bayan 'yan watanni Baba ya fara cewa tuwo na tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa.

"Malam," haka yake kirana in yana tsokana, "abin nan ba ya wucewa fa."

Na ce, "Baba, kitsen ne ya taru a hanya. Ku ci gaba da shan magani, zai narke."

Har da bututun famfo na yi masa kwatance, mahaifiyata na gefe tana gyaɗa kai. Da ya fara ramewa, babbar riga na yi masa yawa, wallahi murna na yi. Na riƙa gaya wa maƙwabta magani na aiki.

Wata Laraba ya shigo da ƙunshi a ɓoye cikin aljihu, ƙamshi ya tona masa asiri. Na sa hannu na karɓe.

Ya ce, "Yanki ɗaya kawai, ɗan nan."

Na ce a'a, na miƙa wa maƙwabta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi ya ce, "To, likita."

Sai da kunu ma ya fara dawo masa gwaggona ta taso daga unguwar Dogo Tebo ta zazzage ni, ta ce a kai yayanta Maiduguri ko ta kai shi da kanta. Muka kai shi asibiti, can aka ce ciwon daji ne a hanyar da abinci ke bi, kuma ya yi nisa. Likitan ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce ya kai wata takwas. Ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Na nuna masa ƙwayoyin, ya ce na kitsen jini ne, ba za su buɗe wannan hanyar ba.

Larabar da ta biyo bayan dawowarmu na je wurin mahauta da kaina na sayo tozo. Baba ya shaƙi ƙamshin, ya sa ɗan mitsitsi a baki, ya tsotsa, ya fito da shi.

Ya ce, "Kai ka ci, in gani."

Na ci a gabansa, hawaye na zuba a takardar. Kafin damina ta wuce ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Kwanan baya wani abokina ya turo mini rubutu, wai masana na binciken ko ƙwayoyin rage kitsen jini na rage haɗarin kamuwa da irin wannan ciwo. Ya ce me na gani. Na ce masa ban sani ba. Kalmar da ya kamata in gaya wa Baba ke nan ranar da tuwo ya fara tsaya masa. Na san kwana ne ya ƙare, amma har yau abin na cina. Lokacin da na ƙwace ƙunshin nan daga hannunsa, yana iya haɗiyewa.